LM358 a kan shant: da'irar da kowa ke kwafa, da ƙaryar da take yi wa batir

Idan ka taɓa shiga intanet kana neman yadda ake haɗa mitar auna karant, na tabbata ka ci karo da wani zane guda ɗaya da ake ta maimaitawa. Shant a layin batir, amfilifaya LM358 a gefensa, resista biyu ko huɗu, sai Arduino da ɗan allo mai nuna lamba. Zanen nan ya shiga bidiyoyin koyarwa, ya shiga furojet ɗin ɗaliban shekarar ƙarshe, har wasu masu haɗa sola sun sa shi a akwatunan da suke sayarwa. Ni ma na haɗa shi lokacin da nake digirin farko. Ranar da na kunna, ban jona komai a batirin ba, amma allo ya nuna min kusan amfiya uku. Na cire ukun a cikin manhaja, lamba ta koma sifili, na ɗauka an gama.

Yau ina so in gaya maka dalilin da ya sa ba a gama ba. Ƙorafina ya fi ƙarfi a kan yadda ake zaɓen amfilifayar fiye da ita kanta LM358 ɗin. Ana ɗaukar wadda ke cikin durowa, a haɗa, sannan a tambayi abin da za ta iya aunawa. Kamata ya yi tambayar ta riga sayayya.

Me ake aunawa tukuna?

Karant shi ne yawan wutar da ke kwarara a waya, kuma hanyar da ta fi sauƙi ta auna shi ita ce a sa masa ɗan shinge a hanya. Shingen nan shi ne shant: resista mai ƙanƙanuwar turjiya, wadda idan karant ya ratsa ta sai ɗan voltej ya bayyana tsakanin bakunanta biyu. Dokar Ohm ce kawai: voltej daidai yake da karant sau turjiya. Ka san turjiyar, ka auna voltej ɗin, ka samu karant.

Mu ɗauki shant ɗin da aka fi gani a akwatin batirin sola, wanda aka rubuta wa 100A/75mV. Ma'anarsa, idan amfiya 100 ta wuce, zai ba da milivolt 75. Turjiyarsa ke nan 0.75 miliohm. Da gangan aka yi ta ƙarama, domin ko a haka ma wat 7.5 yake ƙonawa a matsayin zafi idan karant ya cika. To ka riƙe wannan lambar, domin duk maganarmu a kanta za ta rataya: amfiya ɗaya a wannan shant milivolt 0.75 ce kacal, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na volt.

Arduino ba zai ga abu ƙarami haka ba, shi ya sa ake sa amfilifaya a tsakani, irin wadda ake rubuta wa op-amp a takardun kamfani. Aikinta ta ninka ɗan voltej ɗin, a ce sau 50, sai milivolt 75 ta zama volt 3.75.

Sikelin da allurarsa ba ta kan sifili

Ka taɓa ganin sikelin mai nama da allurarsa ke nuna rabin kilo alhali ba a ɗora komai ba? Kowace amfilifaya tana da irin wannan aibi. Ko ka haɗe ƙafafunta biyu na shiga, ta yadda babu wani bambanci tsakaninsu, tana yin kamar akwai ɗan voltej. Zan kira shi karkatar sifili. Yana fitowa ne daga ɗan bambancin da ke tsakanin transistocin ciki, kuma amfilifayar tana ninka shi tare da abin da kake son aunawa, ba ta iya raba su.

Takardar bayanan LM358 ta ce karkatarta na iya kaiwa milivolt 7, galibi kuma biyu zuwa uku. Mayar da shi amfiya a shant ɗinmu. Milivolt 7 a raba da 0.75 ya ba da amfiya 9.3. Ko ka yi sa'a ka samu mai milivolt 2, amfiya 2.7 ce ta ƙarya. Ukun nan da na gani a allona ke nan.

A nan ne kuskuren karatu na farko yake. Takardar bayanai tana da layi biyu: abin da galibi ake samu, da mafi munin abin da kamfani ya yi alkawarin ba za a wuce ba. Masu koyarwar nan, idan ma sun buɗe takardar, na galibi suke karantawa. Amma kai guda ɗaya za ka saya, kuma babu wanda ya yi maka alkawarin za ta faɗo a tsakiya. Idan kuwa mita hamsin za ka ƙera, wasu daga ciki dole su matso kusa da mafi munin.

“Ai sai a cire a manhaja”

Wannan ita ce amsar da za ka ji, kuma ita na ba kaina a wancan lokacin. Tana da ramuka biyu.

Na farko, karkatar na iya zuwa ta kowane gefe. Idan ta gefen ƙari ce, za ka gan ta ka cire. Idan ta gefen ragi ce, amfilifayar tana son ta fitar da voltej ƙasa da sifili, amma da volt 5 da ƙasa kawai aka ciyar da ita, ba ta da inda za ta sauka. Sai ta kwanta a ƙasa ta yi shiru. Mai karkatar milivolt 3 ta gefen ragi ba za ta motsa ba sai karant ya wuce amfiya 4. Allo zai nuna sifili, ka yi murna wai ka samu mai kyau, alhali fanka da ƙwayaye suna ta shan batir a ɓoye. Manhaja ba ta iya dawo da labarin da bai iso gare ta ba.

Na biyu, karkatar ba ta zama wuri ɗaya, tana zamewa da zafi. A LM358 zamewar galibi maikrovolt 7 ce a kowane digiri, kuma a samfurin da ba na musamman ba kamfani bai ma ba da iyakar mafi muni ba. A ce ka daidaita mitarka a ɗakin gwaji mai sanyi, digiri 20, sannan aka kafa ta kusa da inbata a ɗakin da zafi ke kai cikin akwatin digiri 45. Bambancin digiri 25 sau 7, maikrovolt 175 ke nan, wato amfiya 0.23.

Za ka ce ai wannan ba komai ba ne. Ga mai kallon lamba a allo, gaskiya ne. Amma mafi yawan masu haɗa wannan da'ira so suke su san saura nawa a batir, kuma ana sanin haka ne ta hanyar tara karant ɗin da ya shiga da wanda ya fita, sakan bayan sakan. Kuskuren da ake tarawa girma yake yi. Amfiya 0.23 na awa 24 ya ba da 5.6Ah a rana, kusan 39Ah a mako. A batir mai 200Ah, kashi ɗaya cikin biyar ke nan. Mitoci masu kyau suna gyara lissafinsu duk lokacin da batir ya cika maƙil, amma a kwanakin hadari ko ƙurar hunturu, batir na iya yin kwanaki bai cika ba. Batirin dalma kuwa, shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a riƙa zuƙe shi ƙasa da rabi. Mita ta ce maka saura kashi 55, gaskiyar kuma 35 ce, kana ta rage wa batirin da ya fi komai tsada a gidan kwana ba ka sani ba.

Akwai kuma abin da zanen ba ya ma ambata: karant ɗin batir ta gefe biyu yake tafiya, yana shiga da rana yana fita da dare. Da'irar da aka fi kwafa gefe ɗaya kawai take gani. Sai an ɗaga sifilinta zuwa tsakiyar ma'auni kafin ta ga duka biyun.

Gudun gara, gidan zago

Ana iya sa shant a wuri biyu: a wayar ƙasa, wato gefen ragi na batir, ko a wayar sama, gefen ƙari. Na ƙasa ya fi sauƙi, sai dai yana ɗan ɗaga “ƙasan” kayan da aka jona, kuma idan waya ta taɓa jikin ƙarfe karant ya bi ta wata hanya, shant ba zai gani ba. Saboda haka wasu ke mayar da shi sama, su kewaye LM358 da resista huɗu domin ta ɗebe voltej ɗin baki ɗaya daga na ɗayan.

A takarda lissafin yana fita tsaf. A zahiri, yanzu bakunan shant biyun suna zaune a kan volt 12, kai kuma kana neman bambancin da bai kai milivolt ɗaya ba a tsakaninsu. Kamar ka auna nauyin kaza ta hanyar auna tirela da kazar a ciki, ka sake auna ta babu kazar. Ikon da'irar na yin watsi da volt 12 ɗin da bakunan suka yi tarayya a kai ya dogara ne kan yadda resistocin huɗu suka dace da juna. Akwai lissafi sananne: ninki a ƙara ɗaya, a raba da huɗu sau kuskuren resista. Da ninki 50 da resistoci masu kuskuren kashi 1 cikin ɗari, 51 a raba da 0.04 ya ba da 1275. A mafi munin hali ke nan, kashi ɗaya cikin 1275 na volt 12 zai sulale ya shiga awonka: milivolt 9.4, wato amfiya 12.5 na ƙarya. Kuma shi ma ba ya zama wuri ɗaya, domin voltej ɗin batir yana hawa da sauka da kusan volt 3 tsakanin caji da zuƙewa, wanda shi kaɗai zai iya kaɗa awon da amfiya uku.

Lura cewa ko amfilifayar da ta fi kowacce kyau a duniya ka sa a nan, wannan kuskuren yana nan daram, domin daga resistoci ya fito. Ƙari a kan haka, ƙafafun shigar LM358 ba sa aiki idan suka matso kusa da voltej ɗin da ake ciyar da ita, sai sun yi ƙasa da shi da aƙalla volt 1.5. Wanda ya ciyar da ita daga batirin da yake aunawa ya fita daga iyakar da aka ba shi tun kafin ya kunna.

“To a sayi mai tsada mana”

Ga ɓangare na biyu na waɗanda nake suka: masu ganin maganin duk wata matsala shi ne canza lambar da ke bayan amfilifaya.

Sunan da suka fi kira shi ne OP07. Tsohuwa ce mai daraja, kamfanin Precision Monolithics ya fito da ita a 1975, kuma karkatarta ba ta wuce maikrovolt 75 zuwa 150, gwargwadon samfuri. Sai dai an ƙera ta ne domin a ciyar da ita da wuta biyu, ƙari da ragi, kuma ƙafafun shigarta suna buƙatar tazarar kusan volt 2 daga kowane gefe. Ka zare LM358 ka dasa ta a da'irar volt 5 mai shant a ƙasa, ba za ta yi aiki ba sam. Ita LM358, duk da aibinta, shigarta tana sauka har ƙasa, kuma wannan ne ainihin dalilin da ya sa ta yi farin jini. Haka ita ma 741 ta 1968, wadda ake fara koyar da mu da ita a aji, ba ta sauka ƙasa.

Wadda ta dace da wannan aiki ita ce irin amfilifayar da ke auna karkatarta da kanta tana gogewa, sau dubbai a kowane sakan. Misali OPA333 ta Texas Instruments: karkatarta ba ta wuce maikrovolt 10, zamewarta ba ta wuce maikrovolt 0.05 a digiri, kuma shigarta na sauka har ƙasa. A shant ɗinmu, maikrovolt 10 miliamfiya 13 ce. Daga amfiya 9.3 zuwa 0.013, ka ga an yi tafiya.

Amma da zarar ka kashe babban kuskure, ƙananan da ke ɓoye a bayansa za su miƙe tsaye.

Arduino Uno yana yanka volt 5 gida 1024 ne, kowane gida kusan milivolt 4.9. Da ninki 50, gida ɗaya amfiya 0.13 ne, ninki goma na kuskuren OPA333 ɗin. Kuma ma'aunin da yake gwada komai da shi shi ne wutar da ake ciyar da shi. Idan ta USB ce, tana iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari, awonka ya kauce tare da ita.

Sai inda aka ɗauko voltej ɗin. Duba shant mai amfiya 100 da kyau, za ka ga manyan kusoshi biyu da ƙananan sukurori biyu. Manyan na wayar karant ne, ƙananan na wayar awo. Ana kiran wannan haɗin Kelvin, kuma dalilinsa shi ne kada turjiyar mahaɗa ta shiga lissafi. Wanda ya naɗa wayar awo a babban ƙusa don sauƙi ya haɗa da turjiyar mahaɗar, wadda ke canzawa da ɗauri da tsatsa. A kan allon da'ira ma haka ne: layin tagulla na kaurin da aka saba, mai tsawon milimita ɗaya da faɗin milimita ɗaya, turjiyarsa kusan rabin miliohm ce, kashi biyu cikin uku na shant ɗinmu gaba ɗaya. Tagulla kuma turjiyarta na ƙaruwa da kusan kashi 0.39 cikin ɗari a kowane digiri, kusan kashi 10 ke nan a digiri 25. Shi ya sa ake yin shant da manganin, gaurayen tagulla da manganis da nikel, wanda zafi bai cika canza shi ba.

Akwai ma wanda ya fi wannan ɓuya. Duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu, kamar tagulla da dalmar liƙi, bambancin zafi yana haifar da ɗan voltej, abin da Seebeck ya gano a 1821. Maikrovolt kaɗan ne a kowane digiri. Da LM358 ba za ka ma san da shi ba. Da amfilifaya mai maikrovolt 10, idan baki ɗaya na shant ya fi ɗayan zafi da digiri biyar, yana iya kai girman karkatar da ka biya kuɗi don ka rage.

Wata da'irar, wata sarauniyar

Kada ka fita daga nan da tunanin cewa OPA333 ce amsar kowane awon karant. A ɗakin gwaji muna auna karant ɗin da ke fitowa daga na'urar gano haske, wanda zai iya zama pikoamfiya 100, wato kashi ɗaya cikin biliyan goma na amfiya. A nan ba a amfani da shant, ana tura karant ɗin ne ta resista mai ohm biliyan ɗaya, sai pikoamfiya 100 ta ba da milivolt 100. Karkatar milivolt ɗaya a nan kuskuren kashi 1 ne kawai, ana iya haƙuri da shi.

Abin tsoro a nan shi ne ɗan karant ɗin da ƙafafun amfilifayar ke sha da kansu. Na OPA333 na iya kaiwa pikoamfiya 200, ninki biyu na abin da ake son aunawa. Na LM358 gomman nanoamfiya ne, ya haɗiye awon ɗungurungum. Wurin irin su ADA4530-1 ne wannan, wadda abin da take sha bai wuce femtoamfiya 20 ba a zafin ɗaki. A shant ɗin batir kuwa, inda turjiya ba ta kai miliohm ɗaya ba, wannan lamba ba ta da wani tasiri. Layin da ke yanke hukunci a takardar bayanai yana canzawa da aikin da ke gabanka.

Adalci ga LM358

Ba na cewa a zubar da ita. Tana aiki daga volt 3 zuwa 32, tana da juriya, ana samunta a kowane shagon kayan lantarki, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba. Idan resistarka ohm ɗaya ce kana auna amfiya ɗaya, volt guda kake da shi, milivolt 7 kuwa kashi 0.7 ne cikin ɗari. Idan abin da kake so shi ne ƙararrawa ta yi kuka in karant ya wuce amfiya 80, ta isa har da saura. Laifin na wanda ya ɗora ta a kan milivolt 75 ne ya rubuta “mita mai auna daidai” a saman zanen.

Tambayoyi huɗu kafin ka je kasuwa

Na ɗaya: mene ne mafi ƙanƙantar karant da ya dame ka, kuma voltej nawa zai bayar a shant ɗinka? Idan rabin amfiya ne, maikrovolt 375 ke nan. Kana son kuskure ya tsaya a kashi 5? To karkata da zamewa a haɗe kada su wuce maikrovolt 19. Wannan lissafin na minti ɗaya ya riga ya kori LM358 da OP07.

Na biyu: a kan wane voltej bakunan shant za su zauna, kuma amfilifayar ta yarda da wurin? OPA333 ba ta ɗaukar fiye da volt 5.5, saboda haka ba ta hawa wayar sama ta batir kai tsaye.

Na uku: gefe ɗaya karant ke tafiya ko biyu, kuma da wane sauri yake canzawa? Inbata mai fitar da wutar 50Hz tana zuƙar batir a bugu-bugu sau 100 a sakan. OPA333 a ninki 50 tana bin canji har kusan 7kHz, ya isa lissafin batir, amma bai isa kare injin da ke buƙatar a yanke wuta cikin 'yan maikrosakan ba.

Na huɗu: wa ke biye da amfilifayar? Idan mai karanta lambar gurgu ne, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Ga mai son mitar batir, amsar tambayoyin nan sau da yawa tana kai shi ga barin haɗe-haɗen gaba ɗaya. INA226 guntu ɗaya ne da ya ƙunshi amfilifaya da mai mayar da awo lamba. Karkatarsa ba ta wuce maikrovolt 10, yana auna gefe biyu har kusan milivolt 82, wanda ya yi daidai da shant mai 75, kowane gida nasa maikrovolt 2.5 ne, wato miliamfiya 3.3 a shant ɗinmu, kuma yana zama a wayar sama har volt 36. Mai batir na volt 48 sai ya nemi irin INA228, mai kaiwa 85. Ka dai lura, ƙananan allunan da ake sayarwa sukan zo da nasu ɗan shant a liƙe, sai an cire shi kafin a jona na waje.

Duk abin da ka saya, gwada shi, domin ana samun jabu da aka goge lamba aka buga wata. Idan kuma ka riga ka haɗa waccan da'irar tana aiki a gidanka, ga gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba. Cire duk kaya daga batirin da sassafe ka rubuta abin da allo ya nuna. Sake yin haka da azahar, lokacin da ɗakin ya ɗauki zafi. Daga nan jona ƙwai ɗaya da ka san abin da yake ja, ka ga ko lambar za ta motsa daidai gwargwado. Bambancin safe da azahar, ka ninka shi sau 24, shi ne kimanin abin da mitar ke ƙara maka ko take sace maka a lissafi kowace rana. In kuma ƙwan ya kama lambar ba ta motsa ba, to amfilifayarka tana kwance a ƙasa, kuma duk daren da ya wuce ba ta ƙirga ƙananan kayan gidan ba.